Ka Zo Ka Yi Shiru a Gaban Kaka Dogo

Kafanchan,
Litinin, bayan an tashi daga makaranta.

Zuwa ga ɗana Danladi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan jirgi ya sauke ka Zariya lafiya, kai da akwatinka da bakinka. Muna roƙon Allah ya tsare ka daga zazzaɓi da mugun aboki, ya ba ka lafiyar jiki da buɗin kai a sabuwar makarantarka. Babanka yana gaishe ka. Yayarka Saratu ba ta ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Kada ka nemi labarin gida a takardar nan. Ko akuya ta haihu ko ba ta haihu ba, ka gani in ka zo. Abin da ke cikinta na so in faɗa maka shi a tasha, amma tun daga ƙofar gida har jirgi ya yi kuka kana yi wa babanka bayanin sabon darasin nan naku na iya magana da bin rubutu dalla-dalla: yadda ake jera hujja, yadda ake gano inda mai magana ya yi tuntuɓe, yadda ake ka da abokin dibet. Bawan Allah yana ɗauke da akwatinka a ka yana ta cewa "to, to." Ban samu kafar da zan saka kalma ɗaya ba. Takarda kuwa ba ka iya katse ta, shi ya sa na zauna. Tun da gwamnati ta ce kowane yaro ya zo makaranta kyauta ajina ya cika har wasu a ƙasa suke zama, muryata ta dushe, ga tulin littattafai suna jiran jan biro, amma yau su jira. Wani abokin aikin babanka da ke bin jirgin Zariya zai kawo maka ita.

Bari in maimaita maka abin da ka yi, domin na lura a cikin kanka a layin nasara ka ajiye shi. Mutanen Malam Yakubu, mai neman Saratu, suka zo gidanmu na Fadan Kagoma gaisuwar neman aure. Shi a Zangon Kataf yake koyarwa, amma gidansu na ƙetaren rafinmu ne. Ka sani, ko ya kamata ka sani, a wurinmu ba a karɓar ko goro ɗaya sai babban gida ya zauna ya jero kakanni a gaban baƙi, nasu babban shi ma ya jero, kowa ya ji da kunnensa cewa jini bai haɗu ba. Namu babban shi ne Kaka Dogo, wan kakanka, kuma in ka cire shi babu wani mai rai da ya san wa ya haifi wa. Tsohon ya sa rigarsa ta zuwa coci, aka shimfiɗa masa buzu a gindin mangwaro, ya fara da yarenmu yana juyawa da Hausa saboda kawun ango da ya girma a Kaduna. Ya ce kakanku na farko ya sauko daga kan dutse tare da ƙannensa biyu.

Kai an sa ka zuba wa baƙi kunu ne. Aikinka ke nan a ranar, kunu. Sai kawai na ji muryarka daga bayan mutane, ga ludayi a hannunka:

"Eskiyus mi, Kaka. Akwai kontradikshon. Bara a makokin Baba Audu kun ce ƙanne uku ne. Yanzu kun ce biyu. To ina na ukun ya shiga?"

Har ka tsaya kana murmushi kana jiran amsa. Ɗan littafin nan da sabon malaminku ya aiko muku ku karanta kafin a buɗe makaranta yana leƙowa daga aljihun wandonka. Na ga kawun ango ya dubi ɗan'uwansa. Na ji Saratu ta saki tire a bayan zana. Kaka Dogo ko kallonka bai yi ba. Ya tashi ya naɗe buzunsa da hannunsa, abin da ban taɓa gani ba tun da na shigo gidan nan, ya ce da Hausa don kowa ya ji:

"To. Gida ya samu mai karatu. Ku tambaya shi, shi ne ya san duka. Ni na gama."

Baƙi suka shanye kununsu don kunya, suka ce za su dawo in an tone citta, kafin Kirsimeti. Wajen rakiya kawun ango ya ja babanka gefe ya ce, "Wannan na uku ɗin, ba gefen namu ya tafi ba?" Ka ga abin da ka shuka. Da can ba wanda ya kawo wa ransa cewa jini ya haɗu. Yanzu ba za su ci gaba da maganar Saratu ba sai sun ji inda na ukun ya nufa, mutum ɗaya ne kuma a duniya zai iya faɗa, shi kuwa ya rufe bakinsa. Babanka ya je, tsohon ya ce a tambaye ka. Fasto ya je da dattawa biyu, ya ba su wurin zama da ruwa, ya ce a tambaye ka. Tsohon nan tun farkon damina yake tari, ƙafarsa ta kumbura, ba ya kaiwa gona mai nisa. In ya tafi da maganar a cikinsa, auren yayarka ya bi shi. Saratu tana zuwa aikinta na asibiti, ta dawo ta shige ɗaki, abinci sai na tsaya a kanta.

Da na yi maka faɗa a ranar ka ce mini, "Amma Mama, fakt ne." Na san fakt ne. Ina wurin makokin, uku ya ce. Ko mantuwar tsufa ce, ko kuwa na ukun mutum ne da ba a ambatonsa a gaban baƙi, ban sani ba. Akwai gidajen da aka kama musu mutum zamanin harin bayi, akwai wanda ya bar gida da faɗa aka daina kiran sunansa, akwai kuma tsohon da kawai ya tsufa. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Bambancina da kai, ni na iya riƙe tambayata har a watse.

Ba cewa zan yi ka bar darasin ba. Ni malama ce, kuma na ga yadda ake cutar mutanenmu a ofis da kotu don ba su iya tsayawa su faɗi nasu ba, ko a karanta musu takarda su dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba. Ina so ka iya. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, bakin nan ba a ƙasa ka tsince shi ba. Ni ce nake ɗora ka a kan benci tun ba ka kai ƙugu ba, in ce ka yi wa baƙi jawabi, in ka mayar wa babba magana in yi dariya in ce yaron nan lauya ne. Babanka ya sha cewa, "Hannatu, ya isa," in ce masa kishi yake. Tun da ni na ba ka wuƙar, bari in nuna maka wuraren da ta yanke ni.

Shekarar da muka samu filin nan na bayan layin dogo, babanka ya ce a haƙa rijiya can ƙasa kusa da gwaiba. Na tambaye shi dalili, ya ce haka dai yake gani. Ni kuwa ina da dalilai har da jikokinsu. Na ce a haƙa nan sama: kusa da kicin, nesa da salga, idona yana kai in yara suna wasa, ruwan sama ba zai kwaso datti ya zuba ciki ba. Na jera su a gaban mai haƙar, har mutumin ya ce, "Oga, Madam ya fi ka gaskiya." Babanka ya ce to. Aka haƙa, aka haƙa, aka ci karo da dutse. Na ce a fasa shi, ai ruwan yana ƙarƙashi, na kawo dalilin wannan ma. Aka fasa, aka samu wani a ƙasansa. Ramin nan da kuke zuba shara a ciki tun kuna ƙanana, rijiyata ce. Ruwan da ka sha ka girma na gindin gwaiba ne. Har yau babanka bai taɓa ta da maganar ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo, domin kullum da safe sai na wuce ramin da kwandon shara.

Ba ina cewa babanka ya san sirrin ƙasa ba ne, ƙila sa'a ya yi. Abin da nake so ka ji shi ne, ranar nan ban fi shi gaskiya ba, saurin baki na fi shi, kuma in kana ciki ba ka iya bambance su, daɗinsu ɗaya ne. A ajin nan za a koya maka yadda za ka sa kowace magana ta tsaya da ƙafarta, ta gaskiya da wadda ba ita ba. Duk ranar da ka ka da wani, in ka koma ɗaki ka tambayi kanka: da shi ne mai bakin, ni ne mai nauyin harshe, wa zai ci? Ka fi jin tsoron mutumin da ya ce maka "to" da wuri, domin sau da yawa ba yarda ya yi ba, gajiya ya yi da kai.

Ta biyun ta fi wannan muni, ba ta dariya ba ce. Ina amarya, sabuwar fitowa daga kwalejin horon malamai, aka yi taron zumuntar mata a ƙauye. Aka gayyato wata matar fasto daga Jos ta yi wa'azi da Hausa, aka ce ni in yi tafinta saboda tsofaffi. Matar mai sanyin hali ce. Abin da ta faɗa kawai shi ne mu kula da abin da ke fita daga gidajenmu, kada ya cuci maƙwabci. Ni sai na ji maganar ta yi lami. Da na juya ta da yarenmu sai na zuba mata yaji: na ambaci tukunyar burkutu, na ambaci hayaƙin da ke tashi ranar Asabar a bayan wani gida kusa da rafi, na kuma ɗan karkata kaina wajen da Mama Ladi take zaune. Mata suka kwashe da dariya, ana cewa yarinyar nan ta iya. Baƙuwar tana ta mamakin yadda maganarta ta shiga mutane haka. Mama Ladi gwauruwa ce, da tukunyar nan take ciyar da 'ya'yanta, kowa ya sani, manyan mata kuma suna ta lallaɓa ta a hankali suna neman mata wata sana'a. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kira 'ya'yanta mata, suka ratsa ta tsakiyar mutane suka fita. Ba ta sake taka cocin nan ba har aka binne ta. 'Yarta ta fari tana sayar da doya a kasuwar nan ta Kafanchan. In na je rumfarta takan gaishe ni da kyau, ta tambayi yara, sannan ta ce doyar an riga an saya.

Magana zarar bunu ce, ɗana, ni na zara na gani. Abin da ka faɗa wa mutum ku biyu yana iya haɗiyewa, har ya gode maka daga baya. Abin da ka faɗa masa a gaban jama'a dole ya tsare mutuncinsa, ko da ya san kai ne da gaskiya, kuma ka rufe masa hanyar dawowa. Tafi yana da daɗi, na sani, ranar nan har gida na koma ina jin kaina. In ajinku ya tafa maka, kafin ka zauna ka duba ko akwai wanda ya sunkuyar da kai.

Shi kuma bin magana dalla-dalla da kake taƙama da shi, ai na riga malaminka buɗe ajin. Ka san Hajiya Asabe mai atamfa, wadda kuke cin naman layyarta kowace shekara, mu kuma mu aika mata shinkafar Kirsimeti. Wata shekara naman da ta aiko bai kai na kullum ba. Bayan haka na bi ta rumfarta, ta amsa gaisuwata a taƙaice ba ta ce in zauna ba. Da na haife ka ba ta zo barka ba, yarinya ta aiko da sabulu. Na zauna na haɗa su ɗaya bayan ɗaya, na fitar da ma'ana tsaf: kasuwa ta buɗe mata, ta fara raina matar ma'aikacin jirgi. Na kai wa babanka, ya ce in je in tambaye ta. Na ce mai hankali ba ya tambayar abin da ya gani da idonsa. Na daina bi ta layinsu, na koma sayen zane wurin wani da yake sayar mini da mai zuba. Ana nan sai ga ta wata rana da yamma, ta rame har ban gane ta ba da farko. Ta zauna a kan tabarmata ta ce:

"Maman Saratu, me na yi miki? Ciki ya wahalar da ni, daga baya na yi ɓari, na daɗe a kwance ina zuba ido, ba ki leƙo ni ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Duk alamun da na karanta suna nan, ko ɗaya ba ƙarya ba ce, fassarar ce tawa. Ka riƙe wannan da kyau in malaminku ya fara nuna muku yadda ake tono ma'ana. Takarda ba ta da baki, dole ka yi ta juya ta kana nema. Mutum kuwa yana da baki, sai ka je ka tambaye shi, a gefe, da ladabi. Da ka bari gari ya waye ka bi Kaka Dogo gonar bayan gida, ka karɓi fartanyarsa, ka ce, "Kaka, ba ni labarin na ukun nan," da ƙila ya ba ka har abin da babanka bai sani ba. Ba abin da tsoho yake so kamar a tambaye shi, matuƙar ba a gaban surukai ba ne kuma ba da ludayi a hannu ba.

Kada kuma ka ɗauka na warke. Asabar ɗin nan da ta wuce, bayan tafiyarka, na hau mota na nufi Fadan Kagoma in gyara ɓarnarka. Babanka ya ce in bari a bi hanya. Na ce wace hanya kuma, ai magana ce, a yi ta a gama. Tun a mota na shirya abin da zan faɗa. Na same shi a zaune yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa sukari da ganyen shayi, na fara: na farko, yaro ne, na biyu, makaranta ce ta ce su riƙa tambaya, ba raini ba ne, na uku, Saratu ba ta yi laifin komai ba. Ina jin kaina ina cewa "na farko, na biyu," na kuma kasa tsayawa. Ya bar ni har na kai ƙarshe. Da yarenmu na yi masa magana, amma da Hausa ya amsa mini, yadda ake yi wa baƙo:

"Malama, ka gama?"

Na ce, "Na gama, Baba."

"Magana naka ya yi kyau. Yanzu na gani inda yaro ya sha nono. Ka gaida gida."

Sukarin ma sai da ya sa aka biyo ni da shi har tasha. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na yi kuka a mota don haushi, kuma haushin kaina ya fi naka yawa, wata mata kusa da ni tana ta yi mini ta'aziyya tana zaton rasuwa aka yi.

Hanyar da babanka yake nufi na san ta tun ina yarinya, na yi kamar na manta ne don ina ganin na yi karatu. Wanda ya ɓata wa babba rai a gaban mutane ba ya ba da haƙuri da bakinsa. Bakin da ya yi ɓarna ba shi ke gyara ba. Ana zuwa da kawu, ɗan'uwan uwa, shi zai yi magana. Mai laifi ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa riƙe da zakara, a gaban mutanen gidan da suka ji abin da ya faɗa. Kawun da kake da shi kuwa ɗaya ne, ƙanena Bitrus. Na san irin fuskar da ka yi yanzu. I, shi ɗin, mai i'ina, wanda kai da ƙannenka kuke kwaikwayo a bayan kicin kuna zaton ba na ji. Na aika masa, ya ce zai bar gonarsa ya zo, bai ma tambayi ko ka cancanta ba.

Saboda haka hutun rabin zango ka hau jirgin Jumma'a. Na ji kana gaya wa babanka a tasha cewa malam ya rubuto za a yi gasar dibet ta sababbin shiga a cikin hutun nan, wanda ya yi fice a sa shi a tim ɗin makaranta. Ka je da kyakkyawan bakin nan naka ka gaya wa malam ba za ka samu zama ba. In ya tambayi dalili ka gaya masa gaskiya duka, har da kunun. In malamin kirki ne zai gane, in bai gane ba ka gaishe shi ka ɗauki jakarka. Tim ɗin yana nan baɗi. Kaka Dogo kuwa ban sani ba.

Yanzu ka saurari yadda abin zai kasance, domin nan ne za ka sha wuya, gara ka sani tun yanzu. Kawu Bitrus zai fara, zai maƙale a kalmar farko, mutane za su yi shiru suna jira. Kalmar tana kan harshenka, kada ka ba shi. Zai rikita labarin, ya ce a makokin wani ne ba na Baba Audu ba. Zai manta abin da ya kamata ya fara da shi, ya maimaita abin da ya riga ya faɗa. Zai ce kai yaro ne marar wayo, ba ka san abin da kake faɗa ba, karatu ya juya maka kai. Kana zaune za ka ji ana kare ka da hujjar da ko ɗan aji ɗaya zai rushe, kuma a cikin kanka akwai jawabi mai kyau da zai fi nasa sau goma. Ka bar shi a inda yake. Idonka a kan zakara.

Tsohon zai iya yi kamar bai ji ba. Zai yi maganar ruwan bana da tsadar taki, ya bar ka a ƙasa har ƙafarka ta mutu. Ƙila ya gwada ka ya ce, "Mai karatu, haka ne?" Amsarka ita ce "Haka ne, Kaka," babu "amma" a bayanta. Na san za ka ce ina koya maka ƙarya. Ba wanda za a ruɗa a wurin nan, kowa ya san abin da ya faru, shi ma ya sani. Rigar da ka tuɓe masa a gaban mutane ce za a mayar masa a gaban mutane. Maganar na ukun kuma shi zai san yadda zai warware ta da tsohon gidan su Malam Yakubu, su biyu, ba da ni ba, ba da kai ba. In ya miƙa hannu ya karɓi zakaran, an gama, sai ka tashi ka je ka ɗebo masa ruwa. In bai karɓa ba ku kwana, da safe ku sake komawa.

Ban yi maka alkawarin zai karɓa ba. Tsoho ne mai zuciya, ka kuma taɓa shi a wurin da ya rage masa. Ƙarfi ya tafi, ido ya tafi, 'ya'yansa suna Kaduna, abin da ya sa har yanzu ake shimfiɗa masa buzu shi ne in ya buɗe baki kowa yakan yi shiru. Ina fushi da kai, Danladi, fushi sosai, kuma ina jin tausayinka, domin na san zaman nan zai fi maka kowace jarrabawa wuya. Ni a shekaruna na je na kasa.

Ina cikin rubutun nan Saratu ta dawo daga aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa da farar rigarta ta tambaye ni wa nake rubuta wa, na ce kai. Sai ta ce, "Mama, ki ce masa ni ban iya jera hujja ba. Ki ce masa ina son mutumin nan, shi ke nan." Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Allah ya tsare ka a aji da ɗakin kwana da kan hanya. Ya raba ka da ciwo, ya haɗa ka da malamai masu tsoronsa. Ya kawo jirginka Kafanchan lafiya, ya ƙara wa Kaka Dogo kwana har ka iso, ya sanyaya masa zuciya. Ka riƙa shiga gidan sauro, ka daina karatu kana tafiya a bakin titi. Kada ka ba ni amsar takardar nan a rubuce, na san za ta yi kyau. Ka zo kawai.

Ni ce mamarka,
Hannatu